Darasin Kiwo: Tsohon Zomo, a Gida da a Kasuwa

Darasinmu na wannan fitowa a kan zomon gida ne idan ya tsufa: yadda ake gane shi, abin da zai ci, cututtukan da ke kama shi, da yadda ya kamata a yi cinikinsa.

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga an kawo ƙatuwar zomanya kasuwar Gujungu ran Lahadi, mai ita yana ɗokin sallamawa tun tayin farko, to akwai dalili. Wani lokaci buƙatar kuɗi ce kawai, wani lokaci kuwa haihuwa ta tsaya mata. Mai saye kuma galibi yaro ne da ya tara 'yan kuɗinsa, ko matar aure da ta aiko a sayo mata ta fara kiwo. In an yi wata shida ana ba da dusa ba a ga ɗa ba, asara tasu ce, amma sunan da zai ɓaci na dillali ne. Saboda haka muke so kowa ya san tsohon zomo haja ce daban, abincinsa daban, kuɗinsa daban.

Fasali na ɗaya: shekarun zomo

Zomon gida ba na daji ba ne aka kamo aka horar. Asalinsa ƙasar Sifen da Fotugal, kuma shi da namu na daji ba sa haihuwa tare. Na daji ana haifarsa da gashi, ido buɗe. Na gida tsirara yake zuwa, sai ya yi kamar kwana 10 kafin ya buɗe ido.

Zomanya takan isa barbara a wata 5 zuwa 6, cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka. Ƙarfin haihuwarta yana cikin shekara biyu zuwa uku na farko, daga nan sai 'ya'ya su riƙa raguwa. Namiji ma haka, ƙarfinsa yakan ja baya. Daga shekara 5 ana lissafa zomo cikin tsofaffi, amma in ya sami kulawa yakan kai shekara 8 har 12. An taɓa samun wani a Ostireliya, wanda aka kama a 1964, ya yi shekara 18 da wata 10 a hannun mutane. Watau tsakanin ranar da zomanya ta daina biyan kuɗin abincinta da ranar da za ta mutu don kanta akwai shekaru da dama. A cikin waɗannan shekaru ne ake cutar masu saye.

Fasali na biyu: yadda ake gane tsoho

Dillalin tumaki yakan buɗe bakin rago ya dubi famfara ya faɗi shekarunsa. Wannan ilimi ba ya aiki a kan zomo. Shi haƙoran nono tun yana jariri yake zubarwa, sauran 28 ɗin kuwa ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar inci 4 a shekara, taunar ciyawa ce ke cinye su. Don haka tsawon haƙori ba ya nuna shekaru, abinci yake nunawa.

To me za a duba? Fara da farce. Na yaro gajere ne mai tsini, yana ɓoye cikin gashi. Na tsoho doguwa ne, ya yi kauri ya lanƙwashe. Sa'an nan juya ƙafar baya ka dubi dunduniya: in gashi ya goge, wurin ya yi kanta ko miki, an daɗe ana taka ta. Shafa bayansa da tafin hannu. Gashi yana ruɗi, zomo yakan yi kyan gani alhali ƙashin baya da na ƙugu suna sukar hannu. Dubi ido a cikin haske ko akwai yana fara-fara. Kunnen yaro taushi gare shi, na tsoho ya yi tauri. Daga ƙarshe ajiye shi ƙasa ka ga tafiyarsa. Mai ƙuruciya tsalle yake yi, tsoho mai sanyin ƙashi jan ƙafa yake yi.

Amma fa duk waɗannan ba za su ba ka shekara daidai ba, iyakarsu su raba maka yaro da matashi da tsoho. Abin da ya fi shi ne tambaya: yaushe aka haife ta, sau nawa ta haihu, nawa ta haifa a na ƙarshe? Masu kiwo kuma muna ba ku shawara ku riƙa rubuta watan haihuwa a jikin akurki, ko da gawayi ne. Zomon da aka san watansa ya fi saurin shiga.

Fasali na uku: abincin tsoho

Cikin zomo kamar injin niƙa yake, ba a so ya tsaya. Zomo ba ya amai, abin da ya shiga sai ya bi hanya ya fita, kuma ciyawa mai tauri ce ke tura shi. Saboda haka babban abincin tsohon zomo ciyawa ce, tuli kamar girman jikinsa kowace rana: harkiya, kiri-kiri, kyasuwa tun tana ɗanya, ko busasshiyarsu da rani.

Mun san a wajenmu harawar gyaɗa da ta wake su ne abin hannu. Suna da kyau ƙwarai ga mai ciki da mai shayarwa da yara masu girma. Ga tsoho kuwa sun yi ƙarfi in su kaɗai ne, domin suna da sinadarin ƙashi da yawa, watau kalsiyam, shi kuma zomo ta fitsari yake fitar da rararsa. In ka ga fitsarinsa ya yi kauri kamar kunun farar ƙasa, ko yana nishi kafin ya yi, to a rage harawa a ƙara ciyawa da ruwa, kada tsakuwa ta taru a mafitsara.

Dusa ɗan tafi guda ta isa a yini ga wanda ba ya haihuwa. Ga dalili. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai kama da na akuya, akwai kuma mai laushi wanda yake lanƙwasawa ya ci daga jikinsa, galibi da dare ko da asuba. Wannan ba ƙazanta ba ce, wani ɓangare ne na abincinsa, kamar yadda saniya take tuƙa. In dusa ta sa shi ƙiba, ko ƙashi ya yi masa sanyi, ba zai iya kaiwa ba, sai kashin ya manne masa a gindi. Wanda ya rame kuwa shi ne za a ƙara wa dusa da 'yar harawa, bayan an duba bakinsa.

Ganyen zogale, ganyen dankali, latas, ɗan karas, duk a ba shi kaɗan-kaɗan. Sauran tuwo da burodi da kayan zaƙi a bar wa kaji. Kada a ba shi harawar da ta yi funfuna, kada kuma a yanko masa ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi, abin da ya yi yawa a fadamun shinkafa na bakin kogin Haɗeja. In za a sauya abinci a ɗauki mako guda ana gauraya sabo da tsoho. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa kuwa ba su faɗi daidai ba. Mai nauyin kilo 2 yakan sha kofin shayi guda ko fiye a yini, da bazara har ya ninka. A sa masa a kasko mai faɗi, wanda ba sai ya miƙa wuya ba.

Fasali na huɗu: zamansa da cututtukansa

Babban abokin gaban tsohon zomo a ƙasarmu zafi ne. Ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake fitar da zafin jiki. Da ma'auni ya wuce digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa a Afrilu da Mayu har 40 muke wucewa. A sa shi ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar bishiya, ba ƙarƙashin kwano ba. A jiƙa yashi ko a ajiye tulun ruwa ya jingina da shi. Da hunturu a kare shi daga iska a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Da damina a ɗaga shi daga danshi. Kejin waya yana cin dunduniyar tsoho, a sa masa katako ko tabarma inda zai kwanta. A yanke masa farce in ya yi tsawo.

Zomo mai ɓoye ciwo ne, ba kasafai yake kuka ba. In ka ga ya takure a lungu yana cizon haƙora da ƙarfi, yana jin jiki. In ya wuni daga safe zuwa magariba bai ci ba bai yi kashi ba, kada a ce sai gobe, a nemi malamin dabbobi a ranar.

Ga waɗanda suka fi kama tsofaffi. Na ɗaya haƙori: in haɓa ta jiƙe da miyau, yana ɗaukar abinci yana yarwa, ido na hawaye, to turame sun yi tsini suna yankar harshe. Na biyu ciwon daji na mahaifa, wanda ya yi yawa ga zomanyar da ta wuce shekara 4, a wasu irin ma fiye da rabinsu yake kamawa. Alamarsa 'ya'ya su ragu, ko a haife su matattu, ko a ga jini a fitsari. Na uku ƙazuwar kunne, ɓawo ya cika kunne yana ta kaɗa kai. Kada a ɓamɓare, allurar Ivomec tana maganinta, amma malamin dabbobi ne zai auna. Na huɗu tsutsa: ƙuda yakan yi ƙwai a gindin da kashi ya manne, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. A riƙa ɗaga shi ana dubawa kullum, musamman da damina.

Gargaɗi babba: kada a fasa kafso irin su Ampiclox ko amoksisilin a ɗura wa zomo. Maganin da ke warkar da mutum yana kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, gudawa ta biyo baya, ya mutu.

Akwai kuma annobar zomaye mai sa zubar jini, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, ta ɓulla a Nijeriya a 2020 wajen Ilori. Takan kashe farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. Ba ta kama mutum, amma tana bin keji da hannu da tufa. Duk zomon da ya shiga kasuwa, ko sabon saye ko kwantai, a ware shi aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Fasali na biyar: ciniki

Masu sayen zomo iri uku ne: mai son kiwo, mai son yanka, da mai sha'awa. Malam dillali, tambayi mutum wanne ne shi kafin ka ɗaga masa haja. A ce matashiya tana haihuwa sau 4 a shekara, shida-shida, 24 ke nan. Tsohuwa ta yi sau biyu, uku-uku, shida ke nan, kuma dusar da za su ci ɗaya ce. Ashe kuɗinsu ba zai zama ɗaya ba ko da tsohuwar ta fi girma. Ita kuɗin nama za a yi mata, a kuma gaya wa mai saye namanta da tauri, na farfesu ne mai daɗewa a wuta. Wadda aka yi wa allura kwanan nan a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa kafin a yanka.

Wajen kawowa kasuwa a taso da sanyin safiya, a cikin kwando mai shan iska, ba a buhu ba, ba a but ɗin mota ba. Kada a ɗaga shi da kunne yana reto. Ƙashin zomo ba shi da nauyi, ƙafarsa kuwa da ƙarfi, shuri ɗaya yana iya karya masa baya. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu.

Wanda kuma ya ce shi ba zai sayar ba, yara sun saba da ita, ta haifa masa abin da ya saya akuya da shi, to ya kyauta. Ya raba ta da namiji, ya bi abin da muka faɗa na abinci da inuwa. Ranar da ta kasa tashi ta daina ci, malamin dabbobi kuma ya ce babu dabara, kada a bar ta tana wahala.

La'adar zomo ba ta taka kara ta karya ba, amma yaron da ka gaya wa gaskiya a kan zomanya yau, shi ne zai zo neman rago a hannunka in ya girma. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai fitowa ta gaba.