Kishin Miji Da Iyakar Da Shari'a Ta Yi Masa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo darasin wannan mako shi ne wani dattijo da ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, ya ce 'yarsa tana aure a nan cikin birni, tsakanin gidan mijinta da gidansu bai kai tafiyar minti goma ba, amma wata bakwai ke nan uwarta ba ta sa ta a ido ba. Miji in zai tafi Kasuwar Kurmi sai ya datse ƙofa da kwaɗo ta waje. Ya hana ta Islamiyya, ya karɓe wayarta. Dalilin duk wannan kuwa, wai wata rana ya ga kiran wata lamba da bai sani ba. Da aka yi masa magana sai ya ce ai kishi addini ne.

To, rabin maganarsa gaskiya ne. Abin da muke kira kishi, Larabawa suna ce masa gira, kuma sun bambanta shi da hassada. Mai hassada yana ƙin alherin da ke hannun wani, mai gira kuwa yana tsare mutuncin abin da aka ba shi amana. Namijin da ya ga ɓarna a gidansa ya kau da kai, shi ake kira dayyusi, kuma an yi masa narko mai tsanani. Saboda haka babu malamin da zai ce a bar kishi.

Amma Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Jabir ɗan Atik cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya kasa kishi gida biyu. Akwai wanda Allah Yake so, shi ne wanda ya taso a kan alama bayyananniya ta ɓarna. Akwai wanda Allah Yake ƙi, shi ne wanda ba shi da tushe sai zato. A nan ne mutuminmu ya zame. Kiran waya daga baƙuwar lamba ba alama ba ce, mu duka ana kiranmu bisa kuskure.

Ku dubi abin da ya fi kiran waya nauyi nesa ba kusa ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo yana shaguɓe cewa matarsa ta haifi ɗa baƙi. Annabi bai aika a kira matar ba, bai ce a yi bincike ba. Sai ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, wataƙila gado ne daga kakanni. Annabi ya nuna masa ɗansa ma haka. Da wannan aka rufe magana, aka bar matar da mutuncinta. Haka kuma Muslim ya ruwaito cewa an hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare don ya kama su da ha'inci ko ya nemi tuntuɓensu. Wanda ke jiran matarsa ta yi barci ya bi saƙonnin wayarta ɗaya bayan ɗaya, ina ganin aikinsa ɗaya ne da na wancan mai faɗowa da dare. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ba ta kuwa togace miji ba.

Wani zai ce ai kulle al'adarmu ce. Haka ne, tarihin sarakunan Kano ya lissafa kulle cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Amma mu da muka tashi a lungunan birnin nan mun san kullen iyayenmu. Baƙo ya tsaya a zaure, mata su shiga su fita, in dare ya yi uwargida ta yafa mayafinta, a sa mata yaro a gaba, ta tafi barka ko ta'aziyya ko dubiya. Ni dai ban taɓa ganin kwaɗo a ƙofar mahaifiyata ba. Kuma ina tambayar mai kwaɗo, in wuta ta tashi yana kasuwa, da wace amsa zai tsaya gaban Allah?

Batun hana karatu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gama da shi tun tuni. A cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. Sayyidina Umar ma, wanda kishinsa sananne ne, matarsa tana halartar sallar Asuba da Isha'i a masallaci, ransa ba ya so, amma bai hana ta ba, domin Annabi ya hana a hana.

Game da iyaye, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani filla-filla. Miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shigowa su gan ta, alƙali yana yanke musu ziyara sau ɗaya a mako, ita ma in amintacciya ce ba a hana ta zuwa gaishe su. In kuwa cutarwa ta tabbata, ko da ta zagi da tuhuma ce ba duka, alƙali yana da ikon raba auren ko miji bai so ba.

Wannan shi ne abin da na gaya wa dattijon. Na ce ya fara da waliyyin mijin da limamin unguwarsu, a zaunar da yaron a karanta masa waɗannan hukunce-hukunce, a tambaye shi a gaban manya ko yana da wata hujja ban da lambar nan. In yana da ita ya faɗa a duba. In babu, ya cire kwaɗon a ranar, in ya ƙi kuwa kotu tana nan. Da zai tashi sai ya ce mini uwar yarinyar ba ta da lafiya, abin da take roƙo kawai ta ga 'yarta. Allah Shi ne Masani.