Tukwanen "dutse" marasa kama abinci: shin suna da illa ga lafiya?

A 'yan shekarun nan, tukwane da kasake masu ɗigo-ɗigo a jiki, waɗanda 'yan kasuwa ke kira giranit ko mabul, sun zama ruwan dare a kayan ɗakin amare a cikin birnin Kano. Da yawa suna saye ne bisa zaton daga dutse aka sassaƙo su, don haka babu sinadari a jikinsu. Ba haka abin yake ba.

Me aka yi su da shi?

Mafi yawansu alminiyam ne aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai santsi. Ɗigo-ɗigon ado ne kawai. Rufin iri biyu ne. Na farko shi ne PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, wani nau'in roba da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938. Na biyu shi ne siramik, wanda ake haɗawa daga silika, sinadarin da ke cikin yashi. Shi siramik ya fi jure zafi, amma santsinsa ya fi saurin gushewa.

Ina haɗarin yake?

A girki na yau da kullum PTFE ba ya narkewa cikin abinci. Ko ɗan ɓarɓashinsa mutum ya haɗiye, fita yake yi yadda ya shiga. Matsalar tana wajen zafi. Da zarar ya haura digiri 260 a ma'aunin Selshiyos, rufin zai fara lalacewa, idan zafin ya ci gaba kuma sai ya riƙa fitar da tururi mai sa zazzaɓi kamar na mura. Wannan tururi yana kashe tsuntsaye, don haka masu kiwon tantabaru ko aku kusa da madafi su kula. Kaskon da aka bari babu komai a kan gas yana iya kai wannan zafi cikin 'yan mintuna, balle a kan kurfoti, inda ba a iya rage garwashi nan take.

Akwai kuma PFOA, sinadarin da a da ake amfani da shi wajen haɗa rufin. An sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2019, sannan a 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi a matsayin mai haddasa cutar daji. Sai dai rubutun "babu PFOA" a jikin kwali ba ya nufin babu PTFE.

Yadda za a yi amfani da su

1. Kada a ɗora su a wuta babu mai, ruwa ko abinci a ciki.
2. A tsaya ga matsakaiciyar wuta. Idan man gyaɗa ya fara hayaƙi, an kusa iyaka, sai a rage.
3. A yi amfani da cokalin katako ko na silikon, ban da ludayin ƙarfe.
4. A bari su huce kafin wanki, a wanke da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe, toka ko yashi.
5. A buɗe taga ko ƙofa yayin girki.

Waɗannan tukwane sun dace da wainar ƙwai, soya kifi da ɗumamen miya. Tuƙin tuwo da muciya, ƙuna man ja har ya yi hayaƙi da girkin biki a kan itace kuwa, gara a bar wa tukunyar ƙarfe.

Yaushe ake daina amfani da su?

Idan rufin ya fara ɓarewa har farin ƙarfe ya bayyana, tukunyar ta gama aiki, domin abinci mai tsami kamar miyar tumatir ko tsamiya yana jawo alminiyam cikin girki. Mai sayen kayan ɗaki ya duba kwali ya ga sunan kamfani da nau'in rufin. Setin da bai faɗi ko ɗaya ba, komai kyansa, barinsa ya fi.