Yaro Mai Rawar Kai: Gado Ne Ko Rashin Tarbiyya?

Ya ku iyaye da malamai, kusan kowane aji yana da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da ashana. Malam na biya karatu, shi yana can yana leƙen taga. Mukan ce ƙiriniya ce, mu ɗauko bulala. To, wani lokaci larura ce, wadda likitoci ke kira ADHD. Tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara.

Littattafai biyu likitoci ke bi wajen rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa: DSM-5 na Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022. Sun kasa wannan larura gida uku: mai yawan shagala, mai rawar kai da garaje, sai mai haɗa duka biyun. Ba da gwajin jini ake gane ta ba. Sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, an kuma gan su a gida da makaranta. Mai shagalar, sau da yawa yarinya ce shiru-shiru, ita ce ba a lura da ita, sai dai a ce daƙiƙiya ce.

Maganar gado gaskiya ce. Binciken tagwaye ya nuna kimanin kashi 74 cikin 100 na bambancin mutane kan wannan larura daga gado yake. Wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ma haka suke: a sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, tasirin gado ya kai kusan kashi 80. A ciwon damuwa bai cika 40 ba. Amma ku lura, ba ƙwayar halitta guda ke jawo su ba. Masu yawa ne, kowace da ɗan tasirinta, har a 2013 aka gano wasunsu sun ratsa cututtukan ƙwaƙwalwa biyar a lokaci guda. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassan ya kamu da sikizofireniya, sau da yawa Husaini yana nan lafiya lau. Don haka hana aure saboda “gidansu akwai taɓin hankali” ba adalci ba ne.

Haihuwar bakwaini da gubar dalma, irin wadda ta addabi ƙauyukan Zamfara a 2010, su ma suna ƙara haɗarin ADHD. Wanda ya ga alamun ga ɗansa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri.