Amsoshin Tambayoyinku: Ko Super Eagles Za Ta Ɗauko Kofin Afirka a Maroko?

Kafin gasar cin kofin Afirka da aka fara a Maroko ranar 21 ga Disamba 2025, wani mai sauraronmu daga Zariya ya tambaya ko Najeriya za ta taɓuka abin kirki a gasar. Ga amsar da muka ba shi a lokacin:

To malam, a gaba dai ba mu da fargaba. Victor Osimhen da Ademola Lookman kowannensu ya taɓa zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Damuwarmu tana tsakiyar fili, inda ƙwallo ke yawan kuɓucewa, ga kuma ciwon rashin zuwa gasar cin kofin duniya bayan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a bugun fanareti. Tunisiya ce babbar barazana a rukuninmu, sai Uganda da Tanzaniya. Idan koci Eric Chelle ya gyara tsakiya, muna ganin za a kai wasan kusa da na ƙarshe.