Tsoho da Gizagonsa

Da yawa a cikinmu muna da tsoho a gida. Sa'ad da ya ɗauki gizago ko guduma, sai mu yi maza mu karɓe, mu ce, "Baba, ka huta, ai mun isa." Ƙauna ce ta sa mu. Amma bari mu duba, ko alheri mu ke yi masa?

1. Abin da zama ya ke yi wa jiki

Fartanyar da aka jingine ita ce ta ke yin tsatsa. Haka jikin mutum ya ke. Idan shekaru sun yi nisa, tsoka ta kan ragu, ƙashi kuma ya rage ƙwari, zaman wuri ɗaya kuwa yana ƙara abin. Daga nan ƙafa ta soma rawa, sai faɗuwa. Tsohon da ya karya ƙashin kwatangwalo, sau da yawa ba ya ƙara tafiya kamar da. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 kwana biyar. Ya kuma yi aikin da ke ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako.

2. Aikin yana nan cikin gida

Ba sai an tafi nesa ba. Ga ƙotar fartanya ta tsage, ga kujera tana girgiɗi, ga ƙyaure ya ƙi rufuwa, ga danga ta kwanta. Kafin damina akwai yaɓen katanga da gyaran indararo. Mai sassaƙa ƙota yana aiki da kafaɗa da yatsu. Mai yaɓe yana sunkuyawa yana miƙewa. Hankali kuma ba ya barci, gama sai an auna, an gwada, an sake gyarawa.

Dattawanmu sun san itace. Sun san ƙirya ce ta turmi domin taurinta, marke na ƙota, maɗaci na kujera da ƙyaure. Sun san azarar giginya ta kan daɗe gara ba ta ci ta ba. Idan muka hana su aiki, wannan sani zai tafi tare da su.

3. A yi hankali

Sannu ba ta hana zuwa. A yi aiki da sanyin safiya, a sha ruwa, a huta a inuwa. A wasa gizago sosai, gama dakusasshen ƙarfe ya kan zame ya sari ƙafa. Idan ƙusa ta soki mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a tafi asibiti domin allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashinsa ya yi sama sama, ya ajiye aikin nan da nan, a kai shi wurin likita.

4. Rabon aiki

Hawan tsani da ɗaukar azara na samari ne. Aikin ƙasa, da awo, da zaɓen itace na dattijo ne. Yaro ya hau soro, kakansa ya tsaya a ƙasa yana nuna masa inda ruwa ya ke kwanciya. Ai an ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da haka gida ya gyaru, yaro ya koyi sana'a, tsoho kuma ya san har yanzu ana bukatarsa.

Gobe idan Baba ya ɗauki gizagonsa, kada mu karɓe. Mu kawo masa dutsen washi da kujera, mu zaunar da jikansa kusa da shi.

Tambayoyi

1. Me zaman wuri ɗaya ya ke yi wa jikin tsoho?
2. Waɗanne ayyuka ne na dattijo, waɗanne ne na samari?
3. Wane gyara ne ke jira a gidanku kafin ruwa ya sauka? Wa zai koya wa yara?