Darasi na 17: Sarƙar da ke Cikin Injin Mota

A ƙasar Kirikasamma, a-kori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwaso shinkafa daga fadama. Ita ke kai kifi da tattasai kasuwar Hadejia. Da yawa daga cikin motocin nan sun tsufa. Akwai Peugeot 504, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antarta a 1975. Akwai kuma tsofaffin Toyota Hilux. Direba yakan duba taya da birki da ruwan lagireto, don idonsa yana ganinsu. Amma akwai wani abu a ɓoye a gaban inji, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Wata sarƙa ce, kamar ta keke, sai dai ta fi ta ƙarfi. Makanikai suna ce mata taimin cen.

Mene ne aikinta? Kun san lugude. Mata uku su kama daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. In ɗaya ta yi gaggawa, sai taɓare su gwabza. To, haka cikin inji yake. Fistin yana hawa yana sauka. Bawul yana buɗewa mai da iska su shiga, wani bawul ya buɗe hayaƙi ya fita. Sarƙar nan ita ke haɗa sandar ƙasa mai bin fistin da sandar da ke buɗe bawul. In ta ƙasa ta juya sau 2, ɗayar ta juya sau 1. Ba ƙari, ba ragi.

Da tafiya ta yi tafiya, gaɓoɓin sarƙar sukan cinye. Sai ta ƙara tsawo, ta yi sako-sako. Akwai wani ɗan abu mai ɗame ta, kuma a injuna da yawa da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Saboda haka ran sarƙa yana cikin baƙin mai. In man ya yi datti, ko ya yi ƙasa, sarƙa ce ke fara shan wuya.

A nan wajenmu abokan gabanta biyu ne, ƙura da ruwa. Da rani ƙurar hanya takan shiga mai. Da damina kogin Hadejia yakan cika ya malale hanyoyi, kamar yadda ya yi a 2022, direbobi kuwa su kutsa ciki. Duk wanda ya ratsa ruwa mai zurfi, ya zaro sandar gwada mai ya duba. In ya ga man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. A yi juye nan da nan, a canja filta.

Sarƙa ba ta cika mutuwa ba sallama. Ku kasa kunne da sassafe, lokacin da aka fara tayar da mota. In kun ji kwaram-kwaram daga gaban inji, sa'an nan ta yi shiru, sarƙa ce ke magana. In ƙarar ta daina tsayawa, abin ya yi nisa. Mota takan rage ƙarfi, ta riƙa wuyar tashi, ta ƙara shan mai. Wasu direbobi sai su ƙure rediyo. Wannan wauta ce. Ran da sarƙar ta tsallake haƙori, mota na iya mutuwa a tsakiyar daji da kayan mutane, kifi ya ruɓe. A wasu injuna ma fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi, gyara ya ninka.

In za a canja, kada a sayi sarƙa ita kaɗai. A canja har da ƙafafun nan biyu masu haƙora, da abin da ke ɗame ta, da abin da take bi a kai. Tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa. Makaniki kuma ya daidaita alamomin da ke jikinsu kafin ya rufe. Ku lura, wasu Hilux masu shan gas bel ne gare su na roba, ba sarƙa ba. Shi bel ba ya yin wannan gargaɗi, da lissafin tafiya ake canja shi.

A irin hanyoyinmu, kada a wuce kilomita 5,000 ba a yi juye ba. Mai mota ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar juye da lambar da agogon mota ya nuna. Wanda ke da direba a gidansu, ya kwafo mana lambar nan a takarda, mu karanta ta a aji mai zuwa.