Darasi na Goma Sha Huɗu: Tsohuwar Mota a kan Gangare

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma ƙirar 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta daɗe tana jigilar mutane da kaya. Galibin irin waɗannan tsofaffin motoci suna da kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, da famfon mai wanda injin da kansa yake motsawa. Tankinsu kuwa yana can baya. Saboda wannan tsari, motar da take lafiya lau a fili takan ƙi tashi idan ta kwana a kan gangare.

Kafin a taɓa komai, direba mai hankali yakan ja birkin hannu, ya sa wa taya waji, sannan ya cire giya. Rigakafi ya fi magani, domin motar da ta suɓuce a gangare ba ta tsayuwa da kira.

Daga nan sai ya murɗa makulli, ya kasa kunne. In bai ji komai ba, ko ya ji ƙas-ƙas kawai, fitilu kuma suka dushe, to laifin na wuta ne. Sai a duba kan batir, ko ya kwance ko ya yi tsatsa. Cikakken batir yakan nuna wajen bolt 12.6, in ya gaza 12, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Amma in injin yana juyawa sosai, bai dai kama ba, to sai a dubi inda motar ta fuskanta.

Idan gabanta ya dubi tudu, tanki ya koma ƙasa ke nan. Man da ke cikin bututu yakan zurare ya koma baya cikin dare, musamman in famfon ya tsufa ko tiyon mai ya tsage. In kuma man kaɗan ne, yakan taru a gefe guda, bakin bututun ya rasa abin zuƙa. Ana ganewa ta hanyar buɗe murfin matatar iska a taka totur: in ba a ga fetur ya tsarto cikin kafireto ba, mai bai iso ba. Sau da yawa ƙarin lita biyar yakan warware matsalar.

Idan kuwa gabanta ya dubi kwari, tanki yana iya komawa sama da kafireto. In allurar da ke rufe hanyar mai ta cinye, fetur zai yi ta kwarara har ya jiƙa fulogi. Alamarsa ita ce warin fetur mai ƙarfi. A nan sai a danne totur har ƙasa, kada a riƙa tattaka shi, a murɗa makulli na daƙiƙa 10, a huta, a sake. In ta ƙi, sai a kwance fulogi a busar da su, nesa da wuta ko taba.

Wasu direbobi sukan saki motar a gangare, su sa giya ta biyu, su ɗaga ƙafa daga kuloci don ta kama. Dabarar takan taimaki mai raunin batir, amma tana da haɗari: muddin injin bai tashi ba, birki yakan yi tauri, in kuma ba a murɗa makulli ba, sitiyari yana iya kullewa. Ba a yin haka a hanya mai jama'a.

Motar da ke tashi a fili amma take ƙi a gangare ta riga ta nuna inda ciwonta yake. Wanda ya lura da haka ba zai sayi sabon batir ba alhali tiyon mai ne ya tsage.

Ma'anar Kalmomi

gangare: wurin da ƙasa ta karkata
waji: dutse ko katako da ake tokare taya da shi
totur: abin da ake takawa don ƙara wa mota gudu
tsarto: fitowar ruwa da ƙarfi ta ƙaramar kafa

Tambayoyi

1. Me ya kamata a fara yi kafin a duba motar?
2. Yaya ake bambanta matsalar wuta da ta mai?
3. Don me fulogi yake jiƙa idan mota ta dubi kwari?
4. A yi jimla da kowace daga cikin kalmomin nan: zurare, dushe, suɓuce.